Uba ɗan Danmak, ƴaƴa duka tsanwa: an cuce ni ne?

ƊanBirni: Assalamu alaikum masu kiwo. Don Allah a warware mini wannan. Na sayi namijin ferush, ƙaramin akun nan na keji, irin wanda ake ce wa ɗan Danmak, fari ne da roɗi-roɗin bula, wato shuɗi, a ƙasan ciki, ido baƙi ƙirin, ƙafa jaja-jaja. Kuɗinsa ya fi na gama-gari nesa ba kusa ba. Na haɗa shi da tamatata tsanwa, ta yi ƙwai biyar, huɗu suka ƙyanƙyashe. Yanzu gashi ya fito musu, duk huɗun tsanwa ne zalla irin uwar, ko ɗigon fari babu. Mai sayarwar ya cuce ni ne, ko jinin uwar ne ya fi ƙarfi? Ni dai niyyata in kwashe su in kai kasuwar Dole ranar Alhamis in huta.

MaiTattabara_Zango: Wa alaikumus salam. Jinin uwar ne ya danne, ko a tattabara muna ganin haka. Sake masa mace kawai.

KabuKabu227: Ka jiƙa tsumma ka goge uban tukuna, ƙila fenti aka yi masa 😂

ƊanBirni: Haba @KabuKabu227, ni ina cikin jimami kai kana wasa. Kullum sai ya yi wanka a kwano, da fenti ne da tuni ya wanke.

Mushe_SVT: Ƙanena, kada ka sayar da ko ɗaya. Ba wanda ya cuce ka, kuma huɗun nan da kake rainawa su ne jarinka. Launin ɗan Danmak mai ɓuya ne. Sai tsuntsu ya gaje shi daga uwa da uba duka biyun kafin ya fito a gashinsa. In ta gefe ɗaya ya samu, yana nan cikin jini amma ido ba ya gani.

Ka tuna bayanin da ake yi kan emasi, wato ciwon sikila, kafin aure. Mai AS lafiyarsa ƙalau, ba ka gane shi a fuska, amma in ya auri AS ana iya haifar SS. To a wannan launin namijinka kamar SS yake, tamatar AA, don haka ƴaƴan gaba ɗaya AS ne. Sai dai nan abin da ke ɓoye ba cuta ba ne, shi ma ake nema.

Kuma abu biyu suka ɗauko daga uban, ba ɗaya ba. Bula ita ma mai ɓuya ce, tsanwa tana danne ta. Kowane ɗaya cikin huɗun yana ɗauke da roɗi-roɗin, yana ɗauke da bula. Wanda zai saye su a Dole a kuɗin tsanwa, shi ne zai ci banza.

MaiTattabara_Zango: To ai abin da na faɗa ke nan Mushe, jinin uwa ya danne.

Mushe_SVT: Ba uwa ba ce, Malam. Da uban ne tsanwa, uwar ƴar Danmak, haka ɗin zai fito. Launin ne ke danne launi. Kuma in ya bi shawararka ya sake mace tsanwa wadda ba ta ɗauke da komai, tsanwa zai sake kwasa, ya yi asarar wata uku a banza.

ƊanBirni: Allah ya saka Mushe, hankalina ya ɗan kwanta. To yanzu me zan yi launin ya fito?

Mushe_SVT: Hanya uku gare ka. In ka samu mace ƴar Danmak ka ba uban, duk abin da suka haifa ɗan Danmak ne. In ka mayar da ɗaya daga cikin ɗiyan mata ga uban, kowane ƙwai rabi da rabi ne: ko roɗi-roɗi, ko mai ɗauke. In kuwa wa da ƙanwa ka haɗa, kashi 25 cikin 100 roɗi-roɗi, 50 masu ɗauke, 25 babu komai, kuma ba ka iya bambanta waɗannan biyun na ƙarshe da ido. In fari da bula kake so sak irin uban, lissafin ya ƙara tsauri, domin sai launi biyun sun haɗu a tsuntsu ɗaya: ɗiya da uba 1 cikin 4, wa da ƙanwa 1 cikin 16. Sauran masu roɗi-roɗin za su fito rawaya da tsanwa.

Hajiya_Mirriya: Uba da ɗiya? A'uzu billahi. Mushe kai da muke ba amanar yara.

KabuKabu227: Hajiya zakaran gidanki fa, kin taɓa tambayarsa takardar aure?

Hajiya_Mirriya: Kai yaro ka kiyaye ni. Ba haramci nake magana ba, na san dabba ba ta da shari'a. Lafiyarsu nake ji. Nawa da na bari a keji guda suna ta barbarar juna, da aka yi ta zuwa ƴaƴan sai ƙanƙancewa suke, ƙwai rabi baragurbi, wasu su mutu cikin ɓawo. Sai da na shigo da baƙon namiji abin ya gyaru.

BabaGarinMalam: Hajiya ta faɗi gaskiya, Mushe ma bai yi ƙarya ba. Na daɗe a kiwon nan tun kanari ne abin yayi. Haɗa uba da ɗiya sau ɗaya don a fito da launi, masu kiwo na yi, kuma in tsuntsayen lafiyayyu ne galibi ba a ganin illa. Abin da ke kashe gida shi ne a maimaita, jika ya koma wa kaka, haka har jinin ya tsuke. Domin ba launi kaɗai ke ɓuya a jini ba, har da nakasa, kuma hanyar da ta fito da wancan ita ce ke fito da wannan.

Ɗana, ga abin da zan yi in ni ne. In uwar ta huta, ka ba uban wata mace tsanwa ko bula, babba mai ƙirji, wadda ba dangin ta farko ba. Ƴaƴanta ma duka masu ɗauke ne. Ka ga kana da ɗaki biyu. Mafi kyau kuma ka nemi wani mai ɗan Danmak a garin nan ku yi musayar masu ɗauke, ka ba shi naka ya ba ka nasa. Ƴan Danmak dama sun cika ƙaramin jiki, in kana ta haɗa roɗi da roɗi sai su zama kamar ƴan bainu. Shi ya sa manyan masu kiwo suka fi son roɗi-roɗi da mai ɗauke.

Baji_Kano: Salam daga Kano. Kafin a yi nisa, an tabbatar ma ɗan Danmak ne? Domin baji, wato ferush ɗinku, masu roɗi-roɗi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Ostireliya, shi launinsa ba ya ɓuya, ko da gama-gari ka haɗa shi kusan rabin ƴaƴan za su fito da shi tun haihuwar fari. Abin da ake dubawa ido ne. Babban baji na gama-gari da ɗan Ostireliya suna da farin zobe kewaye da ƙwayar ido. Ɗan Danmak ba ya yin zoben nan har ya tsufa. Sannan hancin namijinsa ba ya zama shuɗi, yana nan ruwan hoda zuwa shanshanbale, baki kuma ruwan lemo. @ƊanBirni ɗauko shi ka duba a rana.

ƊanBirni: Na duba yanzu, har ya cije ni. Ba zobe ko kaɗan, hancin ruwan hoda ne mai sheƙi. Wallahi da na saye shi ma wani abokina ya rantse mace ce saboda hancin.

Baji_Kano: To shi ne. Mutane da yawa sun sha haɗa maza biyu saboda hancin nan suna jiran ƙwai. Ta mace hancinta fari-fari ne, in ta shiga lokaci ya koma ruwan ƙasa ya yi kaushi.

Amadu_Tanut: Ni ban yarda da maganar sai uwa da uba sun haɗu ba. Namijina tsanwa ne, tamata tsanwa, suka haifo mini rawaya zalla mai jan ido. Ba a taɓa yin irinta a gidana ba. Wannan ikon Allah ne kawai, ba lissafin lakwal ba.

Mushe_SVT: Ikon Allah ne Malam Amadu, lissafin ma cikin ikonsa yake. Amma bari in tambaye ka: mai jan idon nan mace ce, ko ba haka ba?

Amadu_Tanut: Mace ce. Wa ya faɗa maka?

Mushe_SVT: Ba kowa. Rawaya mai jan ido, da fara mai jan ido da ake ce wa albino, gadonsu daban yake da na ɗan Danmak. Shi yana tafiya ne a kan ƙwayar gadon da ke raba namiji da mace. A tsuntsaye namiji ZZ ne, mace ZW, akasin mutum. Launin yana kan Z. Mace Z ɗaya gare ta, daga ubanta ta samo shi, don haka in ya ba ta launin sai ya fito, ba ta da inda za ta ɓoye. Namiji ne kaɗai ke iya ɗauka a ɓoye. Namijinka tsanwa mai ɗauke ne, kuma muddin da tamata tsanwa yake, duk jan idon da zai ba ka mace ce. Wanda ya ce zai sayar maka da mace tsanwa mai ɗauke da jan ido, riƙe kuɗinka.

Amadu_Tanut: To. Zan zuba ido a haihuwa ta gaba. In namiji mai jan ido ya fito zan dawo nan in kira sunanka.

Zara_Butik: Ni an ce mini in ana ba su karas da kurkum da yawa gashin yana komawa rawaya. Gaskiya ne?

Ɗalibi_UAS: Yaya Zara, a kanari ne abinci ke taɓa launi, shi ya sa masu jan kanari ke ba su abinci na musamman lokacin sauya gashi. Ferush jikinta ne ke yin rawayar da kansa. Bular kuma ba rini ba ce ma, yadda ginin gashin ke mayar da haske ne. Rawaya a kan bula shi ne tsanwar da muke gani. In gado ya hana rawayar fita sai tsuntsu ya zama bula, inda ya kamata ya yi rawaya ya yi fari. Karas yana da amfani ga lafiyarsu, amma ba zai sauya ko gashi ɗaya ba.

A dajin Ostireliya inda asalinsu yake duk tsanwa ne da rawayar fuska. John Gould ne ya kai su Ingila a 1840, Turawa suka yi ca a kansu har Ostireliya ta hana fitar da su a 1894. Duk launukan nan a keji suka ɓullo: rawaya da bula a Beljiyam cikin shekarun 1870, wannan na @ƊanBirni kuma a Danmak cikin shekarun 1930. Ma'ana wani ne ya ga tsuntsu ɗaya daban, bai kai shi kasuwa ba.

KabuKabu227: Ɗalibi ya jefi ƊanBirni da dutsen Birni 😂

Hajiya_Mirriya: To in tsuntsun hamada ne me ya sa zafin watan huɗu ke kashe su a nan?

BabaGarinMalam: Hajiya, na daji yana da fiffike da bishiya, in rana ta yi sai ya nemi inuwa ya lafe. Namu muna rataye shi ƙarƙashin tol. Zafin Damagaram a watan huɗu da na biyar yana wuce 40, cikin akwatin ƙwai kuma ya fi haka. Na sha buɗe akwati da azahar in tarar da uwa ta buɗe baki tana haki, fukafukai a sake, ƴaƴan jajaye ƙarƙashinta sun yi laushi. Ni daga ƙarshen watan biyu nake cire akwatuna gaba ɗaya, ba na mayarwa sai damina ta ja baya. Kejin yana ƙarƙashin bedi, in jiƙa buhu in rataya ta gefen da iska ke shigowa, ruwan sha a sauya safe da yamma ko da na ƴan garuwa ne aka saya. Da hunturu kuma a rufe gefen gabas da dare, iska ce ke kama su ba sanyin ba.

@ƊanBirni wannan ya shafe ka. Ƴaƴan nan kada ka sa su kwanci kafin su kai wata 10 zuwa shekara. Ƙaramar mace ƙwai na maƙale mata, ka wayi gari ka gan ta a ƙasan keji ta kumbura. Ka lissafa watanninka yadda haɗin zai faɗo cikin sanyi.

ƊanBirni: Shekara guda Baba? Kai. Ni da na ɗauka kafin babbar salla na fara mayar da kuɗina.

MaiTattabara_Zango: Shi ya sa na ce ku dawo tattabara. Ƙwai biyu, ƴan shila biyu, in launi bai yi ba a sa a tukunya.

Zara_Butik: Malam wannan ba zauren yanka ba ne.

Malam_Sabongari: Tun da an taɓo shari'a a sama, in ɗan sa baki. Ajiye tsuntsu ya halatta, dalilin da malamai ke kawowa shi ne ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yana tambayarsa labarinsa bai hana ba. Amma a tuna da matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Wanda ya san zai yi tafiya Agadas ya bar keji ba mai dubawa, gara ya bayar. Haka sa mace ta yi ta kwanci ba hutu don neman launi, wannan ma zalunci ne.

Hajiya_Mirriya: Allah ya saka Malam. Sau biyu a jere ya isa, a cire akwati ta huta. Kuma gero kaɗai ba abinci ba ne ga mai shayarwa, in ce mai ciyarwa. Ni ina ba su ganyen zogale da salati wankakke, karas gurzajje, dafaffen ƙwai a murmushe, da ɓawonsa a tafasa a daka. Gero kuma ina jiƙa shi ya tsiro kaɗan, amma a ɗauraye sosai, in ya yi tsami a zubar. Zangarniya guda in ka rataya musu sai ka ga murna. Abu ɗaya: ku tambayi mai geron ko an sa masa maganin ƙwari a sito. Wata maƙwabciyata keji guda ta rasa a wuni ɗaya, geron da ta sayo yana warin magani ba ta lura ba.

Baji_Kano: A koma kan launi. @ƊanBirni duba ƙeyar yaran. Masu ɗauke da jinin Danmak wani lokaci suna da ɗan tabo mai haske a bayan kai.

ƊanBirni: Biyu suna da shi! Ɗan rawaya kamar ƙwayar gero. Biyu babu. Wato biyun ne kaɗai suka ɗauka?

Mushe_SVT: A'a. In dai shi ne ubansu, duk huɗun sun ɗauka, ba shi da wani abin da zai ba su ban da shi. Tabon yana fitowa a wasu, ba ya fitowa a wasu, kada ka dogara da shi. Amma tambayar da ya kamata mu yi tun farko: su biyu ne kaɗai a kejin?

ƊanBirni: Lokacin da ta fara ƙwai su biyu ne. Amma kafin nan tana babban keji da sauran, akwai maza tsanwa a ciki. Kwana kaɗan ne tsakani.

BabaGarinMalam: Af. To ga inda gizo ke saƙa. Mace tana iya riƙe barbarar namiji kwanaki a jikinta. Shi ya sa ake ware ta ita kaɗai sati biyu zuwa uku kafin a kai ta wurin wanda ake so. Masu tabon nan ina kyautata zaton nasa ne. Sauran biyun Allahu a'alamu.

KabuKabu227: Shari'a ta koma sabuwa. A kira tamata ta yi rantsuwa.

Mushe_SVT: Gwajin yana nan, sai dai yana cin lokaci. Wanda ake shakka a haɗa shi da ɗan Danmak na zahiri. In roɗi-roɗi ko ɗaya ya fito, mai ɗauke ne. In an yi kwanci biyu ba ko ɗaya, da wuya. Kuma a daina ɗaukar 1 cikin 4 kamar kowane ƙwai huɗu dole ɗaya ya fito. Kowane ƙwai da rabonsa. Kana iya samun uku a gida ɗaya, kana iya yin kwanci biyu ba ka ga komai ba.

BabaGarinMalam: Ɗana, sayi kaye da bik yau. Keji ɗaya, namiji ɗaya, mace ɗaya. Rubuta ranar ƙwan fari. Tana yin ƙwai yau ta tsallake gobe, kowane yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 18 na kwanci, shi ya sa kake ganin babba da ƙarami a gida guda. Bayan sati ka haska ƙwan da tocilan waya, mai ɗa za ka ga jan jijiya. Yaran suna fita akwati wajen wata guda da ƴan kwanaki. Kafin ka haɗa su da wasu ka sa musu zoben roba mai kala a ƙafa, domin nan da wata uku in suka sauya gashi ko kai ba ka bambanta su da sauran tsanwan. Tsuntsu mai ɗauke in ba rubutu tsanwa ne kawai, ba mai ba ka ko dala a kai.

Amadu_Tanut: Ko da rubutun ma, wa zai yarda? Kowa sai ya ce nasa mai ɗauke ne ya ƙara kuɗi.

Baji_Kano: Wannan ciwon har nan. Ni ba na sayen mai ɗauke sai na ga iyayen da idona, ko wurin wanda na sani shekaru.

Hajiya_Mirriya: Ni dai har yanzu ban goyi bayan ɗiya da uba ba, ko sau ɗaya ne. @ƊanBirni ina da mace bula babba, uwarta roɗi-roɗi ce mai baƙin ido, ta mutu bara. In maganar Mushe ta tabbata ita ma tana ɗauke ke nan. Ba sayarwa zan yi ba, aro ne, mu raba ƴaƴa.

Mushe_SVT: In uwar ƴar Danmak ce ta gaske, Hajiya, wannan ya fi duk abin da na lissafa. Bula da bula ba tsanwa ko ɗaya, kuma kowane ƙwai rabi da rabi ne fari mai roɗi-roɗi. Ba jiran shekara, ba dangantaka. Sai dai a ware ta tukuna, kuma a duba fuskarta da ƙafafunta ko akwai ɓawon ƙazuwa kafin ta shiga gidan wani.

Baji_Kano: In kuma uwar ƴar Ostireliya ce ko irin Holan, shi ma roɗi-roɗin da ba ya ɓuya, ba abin da ta bari a ɓoye. Ƙananan baji duka idonsu baƙi ne kafin su girma, Hajiya tana da wata nawa da ta mutu? Akwai hotonta?

Hajiya_Mirriya: Ta haura shekara biyu. Hoton yana tsohuwar wayar da ke hannun jikata, sai ta dawo daga lakwal.

ƊanBirni: Hajiya na gode, Allah ya bar zumunci. Ranar Lahadi ina iya shigowa Mirriya. Amma masu tabon biyu ina jin duk maza ne, hancinsu ruwan hoda, sauran biyun akwai fari-fari a bakin ƙofar hancin. In ƴaƴan suka fito lamba mara, misali biyar, wa ke ɗaukar na biyar ɗin, mai namiji ko mai mace?

MaiTattabara_Zango: A tattabara mai keji da hatsi ne ke ɗauka.

Hajiya_Mirriya: Ba a tattabara muke ba. A fara ganin hoton.